Hanyar Zama Masanin Tarihin Rasha da Sin a Jami'a

A farkon Oktoba 1950, lokacin da yaƙi ya juya wa Koriya ta Arewa baya, Stalin ya nemi Mao Zedong ya tura dakaru su ceto ta. Amsar da Mao ya bayar mai kwanan watan 2 ga Oktoba ta zo wa masana tarihi da fuska biyu. A 1987 jam'iyyar kwaminis ta Sin ta buga wani saƙon tangaraho inda Mao ke cewa sun yanke shawarar tura sojojin sa-kai. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, a tsakiyar shekarun 1990, sai ga wani saƙon ya fito daga ma'adanar takardu ta Mosko, wanda jakadan Sobiyet a Bejin, Roshchin, ya aika, kuma a cikinsa Mao cewa yake abokan aikinsa da dama suna ganin a dakata tukuna. Aka yi ta ja-in-ja kan wanne ne na jabu. Masanin tarihi Shen Zhihua ya nuna cewa duka biyun na gaske ne: na farko Mao ya rubuta shi da hannunsa amma ba a aika ba, na biyun shi ne ya isa gaban Stalin. Sojojin Sin ba su tsallaka kogin Yalu, iyakarsu da Koriya, ba sai 19 ga watan.

Duk wanda ya karanta takardun ɓangare ɗaya kawai zai rubuta labarin da ba haka yake ba, ya kuma kafa hujja da takarda ta gaskiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar mutanen da ke iya karanta ɓangarorin biyu. Amma fa kada wannan ya ruɗi ɗalibi ya ɗauka zai zama gwani a tarihin ƙasashen biyu daidai wa daida. Taura biyu ba ta taunuwa. Waɗanda suka yi nisa a wannan fage kusan dukkansu ƙasa ɗaya ce gidansu, sun san tarihinta daga tushe, sun san muhawarar masananta, sannan suka ɗauki ta biyun gwargwadon abin da tambayarsu ke buƙata. Wannan zaɓi shi ne zai tsara harshen da za ka fara koya, jami'ar da za ka nema, malamin da zai duba aikinka, har da irin gurbin aikin da za ka iya nema shekara goma nan gaba.

Harshe shi ne kan gaba, kuma a nan ne mafi yawa ke faɗuwa saboda rashin lissafi. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar kusan mako 44, wato awa 1100 a aji, kafin ya iya aiki da Rashanci, da kuma mako 88, awa 2200, kafin ya iya aiki da Sinanci. Wannan lissafin mutumin da ba shi da wani aiki ne sai karatun harshen, kuma magana da karatun jarida ake nufi, ba karatun rubutun hannun wani magatakarda na ƙarni na 19 ba. Wanda ke haɗawa da wani karatun ko aiki, ya sa a ransa shekara biyu zuwa uku ga Rashanci, huɗu ko fiye ga Sinanci. Shawarata ita ce kada a fara su tare. A fara da Sinanci idan har ana son sa, tun ana digiri na farko ko kafin na biyu, domin haddar haruffansa aiki ne na kullum da ba ya son a katse shi, kuma sai mutum ya san haruffa kusan 3000 kafin ya karanta jarida ba tare da ƙamus a hannu ba. Rashanci kuwa wahalarsa a farko take: baƙaƙe 33 da ake koya cikin mako guda, sai sauyin ƙarshen suna iri shida da tsarin aikatau mai nuna an gama aiki ko ba a gama ba. Da zarar an wuce wannan tudun, karatu na tafiya da sauri.

Takardar shaida ma tana da muhimmanci wajen neman gurbi. Ta Sinanci ita ce HSK, kuma sassan tarihi da ke koyarwa da Sinanci galibi mataki na 5 ko na 6 suke nema ga mai digiri na biyu ko na uku. Ta Rashanci ita ce TRKI: mataki na farko shi ake samu bayan shekarar share fage da jami'o'in Rasha ke yi wa baƙi, amma mai shirin rubuta kundin tarihi da Rashanci na buƙatar mataki na biyu aƙalla. A Najeriya ana koyar da Rashanci a jami'o'in Legas da Ibadan, akwai kuma cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. Sun isa a kafa tushe. Ba su isa su kai mutum ga karanta takardun ma'adana ba, dole sai an zauna a ƙasar da ake magana da harshen, shekara guda aƙalla.

Sannan akwai abin da ba a cika gaya wa ɗalibi da wuri ba: zamanin da ka zaɓa shi ke ƙayyade yawan harsunan. Mai nazarin bayan 1949 zai iya wadatuwa da Sinancin zamani da Rashanci. Mai nazarin kafin 1920 kuwa sai ya koyi tsohon Sinancin rubutu, wanda nahawunsa daban ne, ba shi da aya ko waƙafi, kuma takardun fadar daular Qing, daular ƙarshe da ta mulki Sin, suna da nasu salon da ake koya a darasi na musamman. Idan aka koma baya sosai, Sinancin ma ba ya isa. Yarjejeniyar Nerchinsk ta 1689, wadda ita ce ta farko tsakanin ƙasashen biyu, da Latin aka rubuta matanin da aka dogara da shi, tare da na Manchu, harshen sarakunan Qing, da na Rashanci, kuma limaman Jesuit biyu, Pereira da Gerbillon, su ne suka yi wa tawagar Qing tafinta. Har zuwa 1861 da aka kafa ofishin harkokin waje na Zongli Yamen, hukumar Lifanyuan mai kula da Mongoliya da yankunan iyaka ita ce ke hulɗa da Rasha, kuma yawancin aikinta da Manchu da Mongol take yi. Don haka wanda ke son ya yi rubutu kan cinikin shayi da fatu a Kyakhta, garin kasuwa na kan iyaka, bayan yarjejeniyar 1727, ya san akwai harshe na uku a gabansa. Mai nazarin Manchuriya da birnin Harbin daga 1898 zuwa 1945 kuma ba zai kauce wa Japananci ba.

Game da inda za a yi digiri na uku, hanyoyin sun bambanta ƙwarai. A Amurka shekara biyar zuwa bakwai ake yi: biyu na farko darussa ne da jarrabawar fannoni, inda ɗalibi zai iya ɗaukar Rasha a matsayin babban fanni, Sin a matsayin ƙarami, ko akasin haka, kuma manyan jami'o'i kan biya kuɗin makaranta da alawus. Wannan tsari shi ya fi dacewa da mai son haɗa ƙasashen biyu, domin yana ba da lokacin ƙarasa harshe. A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, babu darussa sosai, ana sa ran ka zo da harsunanka da tambayarka a hannu. Wanda ya shiga can da niyyar koyon Sinanci a kan hanya, kuɗin tallafinsa zai ƙare kafin ya iya karanta takarda ɗaya. A Landan akwai SSEES mai nazarin Rasha da gabashin Turai da kuma SOAS mai nazarin Asiya da Afirka, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙasa tsakaninsu.

A Rasha digirin da ya yi daidai da na uku sunansa kandidat nauk, ana yin sa shekara uku a fannin tarihi, kuma kafin a kare kundi dole a buga maƙalu a mujallun da VAK, hukumar tantance manyan digirori, ta amince da su, a kuma raba taƙaitaccen kundin da ake kira avtoreferat. Digirin doktor nauk mataki ne na gaba da ake samu bayan shekaru ana aiki. Wannan ya kan jawo ruɗani idan mutum ya dawo gida, don haka a nemi takardar daidaita shaida tun kafin a shiga neman aiki. A Sin shekara uku zuwa huɗu ne a takarda, kodayake masu tarihi kan zarce, kuma tallafin gwamnatin Sin na biyan kuɗin makaranta da masauki da yuan 3000 a wata ga mai digiri na biyu, 3500 ga mai na uku. Ribar karatu a ƙasashen biyu a fili take: harshe zai zauna a bakinka, za ka san ma'aikatan ma'adana, za ka sami malamai da suka san takardu kamar tafin hannunsu. Hasarar ita ce akwai tambayoyin da ba za a bar ka ka yi ba. Tun 2018 Sin ke da dokar kare martabar jarumai da shahidai, a 2021 kuma aka sa ɓata sunansu cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kai. Rasha ta kafa dokar hukunta abin da ta kira wanke 'yan Nazi a 2014, a ƙarshen 2021 kuma kotun ƙoli ta ba da umarnin rufe ƙungiyar Memorial, wadda ta shafe shekara talatin tana tattara sunayen waɗanda aka zalunta a zamanin Stalin. Kundi kan yunwar 1959 zuwa 1961 ko kan juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ba a jami'ar Bejin ake rubuta shi ba.

Malami ya fi sunan jami'a muhimmanci. Kafin ka rubuta masa, karanta abin da ya buga cikin shekara biyar da suka wuce, ka duba ma'adanan da ya yi amfani da su, ka kuma bincika inda ɗalibansa na baya suke yanzu. Da wuya a sami mutum ɗaya da ya san ɓangarorin biyu, don haka abin nema shi ne sashe mai masanin Rasha da masanin Sin waɗanda ke ga-maciji da juna. Idan ba sa jituwa, ɗalibin da ke tsakaninsu shi zai sha wuya.

Yanzu ga ma'adana, inda ainihin aikin yake. A Mosko, GARF ce ke riƙe da takardun hukumomin gwamnatin Sobiyet, RGASPI na riƙe da na jam'iyya har zuwa 1952 tare da na Comintern, ƙungiyar jam'iyyun kwaminis ta duniya, RGANI na da na jam'iyya bayan 1952, RGAE na tattalin arziki, RGVA kuma na soja tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Takardun gwamnatin sarakuna suna RGIA a Saint Petersburg. Ma'aikatar harkokin waje tana da nata biyu, AVPRI ta zamanin sarakuna da AVP RF ta zamanin Sobiyet, kuma ta biyun ita ce mafi wuyar sha'ani, domin an saba ba a ba mai bincike jerin takardu ya zaɓa da kansa: kai za ka faɗi batunka, ma'aikaci ya kawo abin da ya ga ya dace. Kowace takarda ana ambatonta da lamba huɗu: fond, wato tarin hukuma ko mutum guda, opis, jerin da ke cikin tarin, delo, fayil ɗin, da list, takardar kanta. A lura, ganye ake ƙirgawa ba shafi ba, bayan ganyen kuma ana nuna shi da "ob." Wanda ya manta da wannan zai dawo gida da lambobin da ba su kai kowa ko'ina ba. A RGASPI, fond 17 na kwamitin tsakiya ne, 495 na shugabancin Comintern, 514 na jam'iyyar kwaminis ta Sin, 530 na Jami'ar Sun Yat-sen ta Mosko inda matasan Sin suka yi karatu daga 1925, 558 kuma na Stalin.

Shiga yana buƙatar fasfo da wasiƙar gabatarwa daga jami'arka, mai ɗauke da batun bincike da shekarun da ya shafa. A rubuta batun da faɗi, a kuma faɗaɗa shekarun kaɗan gaba da baya, domin ma'aikaci na iya hana ka fayil ɗin 1961 idan wasiƙarka ta ce 1950 zuwa 1960. Akwai iyakar fayilolin da ake nema a rana, kuma sukan ɗauki kwana biyu ko uku kafin su iso, don haka mai dabara kan yi rajista a ma'adana biyu ko uku lokaci guda, yana karatu a ɗaya yayin da yake jiran ɗaya. Akwai ranar shara a kowane wata da ake rufe ɗakin karatu, wasu kuma na rufewa makonni a lokacin zafi. Takardun da suka shafi sirrin rayuwar mutum shekara 75 ake rufe su. A cikin kowane fayil akwai wata 'yar takarda da duk wanda ya karanta shi ke sa hannu. Kada a raina ta: nan za ka ga wa ya riga ka, ko kuwa kai ne na farko. Tun Maris 2022 katunan Visa da Mastercard na ƙasashen waje ba sa aiki a Rasha, jami'o'in Yamma da dama kuma sun daina biyan kuɗin tafiya can, don haka a tambayi mai ba da tallafi tun kafin a tsara bincike.

A Sin, ma'adanar tarihi ta farko da ke Bejin ce ke da takardun daulolin Ming da Qing, ta biyu da ke Nanjing kuma na zamanin jamhuriya daga 1912 zuwa 1949. Babbar ma'adanar jam'iyya a rufe take ga kusan kowa. Ta ma'aikatar harkokin waje an buɗe ta a 2004, aka yi ta sakin takardu har zuwa na 1965, sai kuma daga wajen 2012 zuwa 2013 aka janye mafi yawansu. Mutane da dama da suka gina shirin kundinsu a kanta sun wayi gari ba su da abin karantawa. Abin da ya rage shi ne ma'adanan larduna da birane, irin ta Shanghai, kuma a nan akwai dabara: umarnin da Bejin ta ɓoye sau da yawa ana samun kwafinsa a lardin da aka aika masa don ya aiwatar. Mai neman labarin ƙwararrun Sobiyet da suka zo gina manyan ayyuka 156 a shekarun 1950, ko yadda aka kwashe su su 1390 a 1960, zai fi samun nama a fayilolin masana'antu da ofisoshin karɓar baƙi na birane fiye da na fadar gwamnati. A nan ma wasiƙar gabatarwa dole ce, kuma daga wata jami'ar Sin za ta fito da jan hatiminta, ba daga taka ba. Dokar ma'adana da ta fara aiki a 2021 ta rage wa'adin rufe takardu daga shekara 30 zuwa 25, amma a aikace ƙofa ƙara tsukewa ta yi, kuma abin da aka ba wani bara ana iya hana ka bana ba tare da bayani ba. Duk abin da ka gani, kwafe shi ranar da ka gan shi.

Saboda haka duk shirin kundi mai hankali na buƙatar hanya ta biyu, kuma kwamitin ba da tallafi zai tambaye ka ita. An yi sa'a, hanyoyin suna da yawa. A Taipei akwai Academia Historica da cibiyar tarihin zamani ta Academia Sinica, masu takardun gwamnatin Kuomintang, jam'iyyar da ta mulki Sin kafin 1949, da na harkokin waje, da yawansu a intanet. Cibiyar Hoover a Stanford tana da dubban faifan hotunan takardun Sobiyet da aka ɗauka a shekarun 1990. Ɗakin karatu na ƙasa a Helsinki ya riƙa karɓar kwafin abin da aka buga a daular Rasha daga 1828 zuwa 1917. Tsoffin jamhuriyoyin Sobiyet suna da kwafin umarnin Mosko: Yukren ta buɗe takardun KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, da dokar 2015, ƙasashen Baltik ma a buɗe suke, Kazakistan da Kirgizistan kuma suna da abubuwa kan iyaka da Xinjiang. Wata taskar da ba a cika kula da ita ba ita ce ta ƙawayen Sobiyet. Daga 1967 jam'iyyun gabashin Turai da Mongoliya sun riƙa yin taro a kai a kai da ake kira Interkit don daidaita matsayinsu kan Sin, kuma bayanan da Mosko ta ba su suna nan a Berlin da Warsaw da Budapest da Sofiya. Takardun Japan kan Manchuriya kuwa kyauta suke a JACAR, shafin intanet na ma'adanan Japan.

Ƙananan kurakurai ne ke tona asirin sabon shiga, kuma kwanan wata ne babbansu. Rasha ta yi amfani da tsohuwar kalandar Julian har zuwa 1918, inda aka tashi daga 31 ga Janairu aka wayi gari 14 ga Fabrairu. Tazarar kwana 11 ce a ƙarni na 18, 12 a na 19, 13 a na 20. Sin kuwa da shekarar sarautar sarki da watan gani take lissafi. Yarjejeniyar Aigun ta 1858, wadda ta ba Rasha arewacin kogin Amur, za ka gan ta a takardar Rasha da 16 ga Mayu, a littafin Turai da 28 ga Mayu, a takardar Qing kuma da rana ta 16 ta wata na huɗu a shekara ta takwas ta sarki Xianfeng. Rana ɗaya ce. Daga 1912 ana ƙirga shekarun jamhuriya, sai a ƙara 1911: shekara ta 38 ita ce 1949, kuma Taiwan na amfani da wannan lissafi har yau. A saƙonnin tangaraho na wancan zamani ma harafi guda ake sawa a madadin ranar wata, don rage kuɗin aikawa, kuma sai da jadawali ake gane shi.

Sunaye ma haka. Rashawa na rubuta sunayen Sin da tsarin Palladius, don haka Zhou Enlai zai fito kamar Chzhou Enlai, Xinjiang kuma Sintszyan. Tsoffin littattafan Turanci na bin tsarin Wade-Giles, sababbi na bin pinyin, shi ya sa Mao Tse-tung da Mao Zedong mutum ɗaya ne. Ɗaliban Sin da suka je Mosko an ba su sunayen Rasha: fayil ɗin Deng Xiaoping na ɗauke da sunan Dozorov, ɗan Chiang Kai-shek kuma, Chiang Ching-kuo, ya zama Nikolai Elizarov. Stalin kansa yakan sa hannu a saƙonninsa ga Mao da sunan Filippov. Tun ranar farko a buɗe jadawali a kwamfuta mai ɗauke da kowane suna da haruffan Sinanci, da pinyin, da rubutun Rasha, da sunan ɓoye. Hotunan takardu kuma a sa musu lambar ma'adana a sunan fayil a daren ranar da aka ɗauke su. Hoto dubu goma marar lamba ba shi da amfani.

Wace tambaya ce ta dace? Manyan batutuwa, irin su ƙawancen Sobiyet da Sin na 14 ga Fabrairu 1950, ɓarakar shekarun 1960, faɗan tsibirin Zhenbao a Maris 1969 da ziyarar shugaban Sobiyet Gorbachev zuwa Bejin a Mayu 1989, an yi musu rubutu mai yawa, kuma manyan masana masu hanyar shiga takardun da kai ba ka da ita ne suka yi. Sabon shiga ya fi samun wuri a gefe: 'yan kasuwa da masu fasa-ƙwauri a bakin Amur, ma'aikatan jirgin ƙasa na gabashin Sin, Musulmin iyaka kamar Dungan da Uyghur da Kazak da suka yi ta ƙaura tsakanin daulolin biyu, tafintoci, ɗalibai, likitoci.

A nan ne ɗalibi Bahaushe ke da abin da ɗan Amurka ko ɗan Jamus ba shi da shi. Bayan ɓarakarsu, Mosko da Bejin sun yi gasar neman zuciyar Afirka, kuma Hausa na cikin harsunan da suka yi gasar da su. Rediyon Bejin ya fara watsa shiri da Hausa a 1963, Rediyon Mosko ma yana da nasa sashen, a shekarar 1963 ɗin kuma aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge na Leningrad. An kafa cibiyar nazarin Afirka a Mosko a 1959, jami'ar da aka sa wa sunan Patrice Lumumba kuma a 1960. Sobiyet ta ba gwamnatin tarayya jiragen yaƙi lokacin yaƙin basasa, kamfaninta Tyazhpromexport kuma shi ya karɓi kwangilar Ajaokuta a 1979. Najeriya ta ƙulla hulɗa da Bejin a Fabrairu 1971. Nijar ta ƙulla a 1974, ta koma wa Taiwan a 1992, ta sake dawowa a 1996. Mai jin Hausa da Rashanci ko Sinanci zai iya haɗa takardun can da na ma'adanar ƙasa ta Kaduna da Gidan Arewa, da tsoffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da hira da likitoci da injiniyoyin da suka yi karatu a Sobiyet. Waɗannan dattawa suna raguwa, don haka hirar ce ya kamata a fara yi kafin komai.

Batun aiki kuwa, gara a faɗi gaskiya. Guraben koyar da tarihi a jami'o'in Yamma kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, kuma tallar aiki kan ce ana neman masanin Rasha da yankinta, ko masanin Sin da gabashin Asiya. Da wuya ka ga mai neman duka biyun. Wanda ya gabatar da kansa a matsayin rabi da rabi, masanan Rasha za su ɗauke shi ɗan Sin, masanan Sin su ɗauke shi ɗan Rasha, kowa ya tura shi wa ɗan'uwansa. Shi ya sa maƙalar farko ya kamata ta fito a mujallar babban fanninka, kamar Slavic Review ko Kritika ga ɓangaren Rasha, Journal of Asian Studies ko China Quarterly ga ɓangaren Sin, kuma ka riƙa halartar taron ƙungiyarsu, ASEEES ko AAS, har su san fuskarka. Daga miƙa maƙala zuwa fitowarta shekara guda zuwa biyu ba abin mamaki ba ne, don haka a miƙa ta tun kafin a gama kundi. Bayan digiri galibi sai an yi shekara biyu ko uku a gurbin bincike na wucin gadi, ana mayar da kundin littafi. Manyan jami'o'in Sin ma sun ɗauki tsarin kwantiragin kusan shekara shida, wanda bai cika sharaɗin wallafa ba ya kama gabansa.

Wanda zai dawo gida ya koyar zai tarar da wani yanayin. Sassan tarihi da yawa a Najeriya sun haɗe da nazarin hulɗar ƙasashen duniya, kuma abin da za a ba shi ya koyar shi ne tarihin duniya, juyin juya halin 1917 da na 1949, yaƙin cacar baki, da hulɗar Afirka da manyan ƙasashe. Aji cike, ɗakin karatu babu littattafan fannin, kuɗin zuwa Mosko ko Taipei kuma ba daga albashi zai fito ba. Maganin shi ne a dawo da takardun da za su isa aikin shekara biyar zuwa goma, ba na kundi kaɗai ba, a riƙe alaƙa da wata cibiya ta waje mai ba da damar shiga mujallu ta intanet, a kuma ware rabin awa kullum don karatu da harsunan biyu. Sinanci musamman ba ya jira: shekara biyu ba a taɓa shi ba, haruffan da aka sha wuyar haddacewa za su fara zubewa, kuma mayar da su na cin watanni.